Kurman Kare Ya Sami Gida

Yau labarin wani ɗan kwikwiyo zan ba ku. Kada ku yi dariya tukuna, ku bari sai kun ji ƙarshe.

Wata ranar Alhamis, ranar babbar kasuwar Damagaram, na tashi daga ajin yaƙi da jahilci zan koma gida a Birni. A gindin duwatsun unguwa na iske yara sun kewaye wani rami suna jifa. Na leƙa, sai ga ɗan kwikwiyo fari fat, duk haƙarƙarinsa a waje. Na tuna abin da malamai ke faɗa mana, cewa Allah ya gafarta wa wani mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Na kori yaran, na naɗe shi cikin tsumma, na kai gida.

Da ya sha kunu da madara kwana 10, sai ƙarfi ya zo. Ba ya zama wuri ɗaya. Ya kori kaji, ya ja zanen shanya, ya yayyaga littattafan ɗalibaina guda 2. In an kira shi ba ya juyowa, in an tsawata masa ko a jikinsa. Maƙwabta suka ce mahaukaci ne, a kashe shi. Mai gidan da nake haya ya ba ni mako 2: ko kare ya fita, ko ni in fita.

Tsoron nan nasu ba wauta ba ne. Ciwon haukan kare yana shiga jikin mutum ta yawun kare, wurin cizo. In alamunsa suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Saboda haka na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya dudduba shi, ya tafa hannu a bayan kansa, ya saki tasa a ƙasa. Kunnen kwikwiyo ko motsi. Likita ya ce, "Malam, ba hauka gare shi ba, kurma ne. Haka aka haife shi, kuma an fi samun wannan ga fararen karnuka." Ya ce in ware shi in sa masa ido, in ya cika wata 3 a yi masa allurar rigakafi.

Ku riƙe wannan da kyau. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ran nan. Akwai allura. Wani masani a Faransa, Luwi Fastar, shi ya fara yi wa mutum ita a 1885.

To, saura neman gida. Wani maharbi ya fara zuwa. Ya ga ƙafafun kwikwiyo da gudunsa, ya yi murna. Na ce, "Sai dai kurma ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Karen farauta da kira yake aiki. In ya bi zomo cikin daji, wa zai maido shi?" Ya yi godiya, ya tafi. Uwargida ta ce, "Haba Malam, da ka yi shiru, da mun huta." Gaskiya ni ma zuciyata ta raya mini haka. Amma da na ɓoye, da na cuci maharbi, na cuci kare.

Na biyu wani ɗan kasuwa ne a Zango, mai son karen gadi. Na je na ga gidansa, a bakin hanyar mota yake. Kurman kare ba ya jin ƙahon mota, ba ya jin takun ɓarawo. Alhaji ya ce zai ɗaure shi da sarƙa dare da rana. Kare mai ƙarfi irin wannan, in ya daɗe a ɗaure, sai ya zama mai cizo. Na ba shi haƙuri.

Saura kwana 4 wa'adi ya cika, na gamu da wani dattijo a kasuwa. Tsohon ɗalibina ne tun ina koyarwa a Mirriya, kilomita 18 gabas da Damagaram. Garka gare shi, gafiya da kurege da awaki sun dame shi. Na faɗa masa kome. Ya ce, "Malam, hanci da ido nake so. Kunne, ni nake da shi." Na ce, "Baba, sai na zo na gani."

Ran Lahadi, ranar kasuwar Mirriya, na tafi. Garkar tana da shingen ƙaya, tana nesa da hanyar mota. Akwai rijiya, akwai inuwar mangwaro, akwai filin gudu. A nan na nuna wa Baba maganar hannu da na koya wa kwikwiyo. In ka buga cinya yana kallonka, ya zo. In ka nuna ƙasa da tafin hannu, ya zauna. In yana barci kada a taɓa shi ba zato, a buga ƙafa a ƙasa kusa da shi, zai ji a jikinsa. Na rubuta wannan a takarda, da ranar allura. Baba ya karanta da kansa, a hankali, bai tsallake ko harafi ɗaya ba. Ya ninke ta, ya sa a aljihu.

Bayan wata 2 na koma. Kare ya hango ni, ya sheƙo da gudu har ya kusa kayar da ni. Baba ya buga cinya sau ɗaya, ya koma wurinsa. An yi masa allura, kuma kurege ya bar tumatir.

Jama'a, dabbar da ka tsinta amana ce a hannunka. In za ka ba da ita, ko kare ne, ko gurgun jaki, ko makauniyar akuya, faɗi lahaninta, tambayi aikin da za a sa ta, ka je ka ga wurin da idonka. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.