Ba Duk Hazo Ne Ke Zuwa Daga Chadi Ba

A Batagarawa, da hunturu ya kama, tari ya cika gidaje, sai kowa ya ce hazo ne. Da gaskiyarsu. Yawancin ƙurar nan iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe, kuma garin ƙasa ne zalla: yashi da laka da ɓurɓushin ƙarfe da alli. Sai dai zaman da na yi a Fatakwal ya koya mini duba launin abin da nake shaƙa.

Can, tun 2016 baƙar kunkunniya ke sauka a kan gari, galibi daga haramtattun matatun mai na cikin surƙuƙin ruwa. Ka shanya farar riga da dare, da safe ta yi dabbare-dabbare. Yaro ya fyace majina, ka gan ta baƙa ƙirin. A Legas kuwa, ban da gishirin da iskar teku ke ɗaukowa, akwai hayaƙin motoci da na janareta da farar wutar da ke cikin dizal. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta kashe mutum 11,200 a birnin a 2018, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Da na dawo gida sai na fara lura da wani abu a hanyar Dutsinma bayan magariba. Ƙarƙashin farin hazon akwai wani hayaƙi shuɗi-shuɗi da ke kwanciya daidai kan katanga, mai yaji a ido. Wannan namu ne. Jujin da aka cinna wa wuta da leda a ciki, ɗanyen icen girki, tayar da ake babbaka da ita, janaretan masu shago. Sanyin dare ke danne shi ƙasa, ba ya tashi sai hantsi ya yi. Ƙwayoyinsa, waɗanda masana ke kira PM2.5, sun fi silin gashi siranta kusan sau 30. Hanci ba ya tace su, har ƙuryar huhu suke kaiwa, wasu su wuce cikin jini. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce matar da ke duƙe gaban murhu a rufaffen ɗakin girki, da goyo a bayanta, kullum safe da yamma.

A gidanmu mun daina ƙona shara. An fito da murhu fili, ice sai busasshe, jariri kuma a miƙa wa wani har a sauke tukunya. Ranar da hazo ya yi kauri, tsofaffi da masu asma su sa takunkumi.

Ƙurar Bodele ba mai iya tare ta, amma ashanar da ke kunna juji a hannunmu take. Ina roƙon masu unguwanni da limamanmu su yi wa jama'a magana a kan ƙona leda, mahauta kuma su bar babbaka da taya, tun kafin hunturun bana ya shigo.