Bangon mujalla, karatun da ba mu sa yara ba

A Damargu ba mu da kantin jarida. Daga Tanut har Belbeji, mujallar mawaƙa ba ta zuwa mana sabuwa. Tana biyo kayan ƴan kasuwar da ke sari a Kano ne, ta kwana a Zinder, ta hau motar hanyar Agadas, ta iso bayan wata biyu ko uku, wani lokacin ma an riga an yi ƙunshin sabulu da rabinta. Amma bangon yakan tsira. Shi ake yagewa a liƙa a shagon aski da rumfar mai cajin salula, da shi kuma ɗalibanmu suke naɗe kayensu. Na kusa shekara 20 ina riƙe da alli, na ga yaran da ba su taɓa buɗe mujalla ba amma sun haddace bangonta. Don haka ya kamata mu malamai da iyaye mu san yadda ake tsara wannan shafi guda.

Babu abin da ya faɗo kansa bisa kuskure. Sunan mujalla yana can sama da manyan baƙaƙe, saboda a teburin mai sayarwa ana jera su ne wata kan wata, saman kawai ke leƙowa. Ja da rawaya sun fi yawa don ana hango su daga nesa, ko da ƙura ta rufe. Sai fuska. Kusan kullum mutum ɗaya ne ya cika shafin, idonsa a kan mai wucewa. Ɗan Adam ba ya iya share wanda ya zuba masa ido, ko a takarda ne, kuma masu wannan sana'a sun san haka sarai. Kafin ka karanta kalma ɗaya ka riga ka tsaya.

Inda suka fi gwaninta shi ne kanun da ke gefen fuskar. Ba sa ba ka labari, suna buɗe maka ƙofarsa ne kaɗan su riƙe. Za ka ga tambaya: me ya raba wane da ubangidansa? Ko a tsinko rabin magana daga bakin mawaƙi a sa ta kamar da kai yake yi, sauran rabin yana shafi na 12. Aure, saki, rigima da kuɗi su ne kan gaba. Waƙar kanta, wato yadda aka tsara baiti da wanda ya yi kiɗan, da wuya ta samu wuri a bango. Ban ce ƙarya suke yi ba. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta adana tarihin finafinan Hausa da mawaƙansu da in ba don ita ba da ya salwanta, kuma a cikinta akwai hirarraki masu nauyi. Sai dai bango aikinsa daban ne. Ɗan talla ne, shi kuwa ɗan talla ba ya cewa hurarsa ta kwana.

A ƙasashen Turawa abin ya girmi namu. Rolling Stone ta Amurka ta fara fitowa a 1967 da hoton John Lennon a gaba, kuma hawa bangonta ya zama irin naɗin sarauta ga mawaƙa. A 1972 wata ƙungiya mai suna Dr. Hook ta yi waƙa sukutum kan burinta na hawa bangon, shekara na zagayowa aka sa su, amma zane aka yi musu maimakon hoto. A 2013 kuma mujallar ta ɗora fuskar saurayin da ake tuhuma da harin bam na Boston, hoton ya fito da shi kamar tauraron waƙa, har wasu manyan kantuna suka ƙi sayar da fitowar. Rahoton da ke ciki bai yabe shi ba. Mutane sun fahimci cewa wurin da aka ajiye fuskar shi kansa yabo ne.

Wannan ne ke damuna game da ajina. Yarinya ƴar shekara 12 da ke kallon bayan kayenta kullum tana ganin fuska fara sol, ba tabo, ba zufa, an goge ta da kwamfuta. Ba wanda ya ce mata baƙar fata aibi ce, amma ba ta taɓa ganin mai kamarta a wurin ba, ga man bilicin kuma a kasuwa. Yaro kuwa agogo yake gani da makullin mota. A yankin da damina ɗaya in ta ƙi samari suke kama hanyar Jado neman zinariya tun 2014, ko su wuce Libiya da Aljeriya, hoton da ke cewa arziki na zuwa dare ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Wasu abokan aikina kwacewa suke yi su yayyage. Ni ban bi wannan hanya ba, don na lura da wani abu. Yaron da ke in'ina a kan jimlar Faransanci yana karanta kanun bango na Hausa tiryan-tiryan, ba wanda ya tilasta shi. A ƙasar da aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Zinder tun 1973, amma har yau littafin Hausa ke wuyar samu a ƙauyukanmu, ba zan zubar da takardar da yaro ke son karantawa ba. Nakan manna bangon a allo in tambaye su: ina idonku ya fara sauka? Wace kalma ce ta fi girma, don me? Me aka yi muku alkawari? In an yi sa'a cikin mujallar yana nan, sai mu buɗe mu gwada alkawarin da abin da aka rubuta. Ranar da wani ɗan aji shida ya ce, "Mushe, ai tambayar da suka yi a waje ba su amsa ta a ciki ba," na san darasin ya shiga.

Daga nan nakan sa su tsara nasu bangon a takardar kaye. Sharaɗin shi ne mawaƙin ya zama namu. Nakan ba su labarin Malam Mamman Barka, ɗan Tasker a nan jihar Damagaram, wanda malamin lakwal ne kafin ya shahara, ya je bakin tafkin Cadi ya koyi kaɗa biram don kada ta ɓace, ya rasu a 2018. Wasu suna zaɓen makaɗin garinsu ko zabiyar da ke yi musu biki. Abin dariya, da zarar sun kama alƙalami sai su ma su fara dabarar: babban ido, jan rubutu, tambaya mai ja. Wata ta rubuta a kan hoton kakarta, "Sirrin da ta ɓoye shekara 40." Da na tambaye ta sirrin, sai ta ce waƙar daka ce.

Yanzu takardar tana raguwa. Bangon ya koma cikin salula, ya zama ɗan hoton da ke gaban waƙa a YouTube da TikTok, da fuskar da launin da rabin maganar duk yadda suke. Wannan ba ya mannuwa a allo. Saboda haka duk uban da zai sauka Kano sari, in ya ga mujallar Hausa ya riƙo mana, da bangonta da cikinta, kada a raba su a hanya.