Sanƙarau Da Littafin Kiran Suna

A cikin cututtukan da kan ziyarci ƙasarmu da rani, babu wadda iyaye ke tsoro kamar sanƙarau. Agana, wadda ta ɓata fuskokin kakanninmu, an kawar da ita daga duniya tun 1980, har yaran yanzu ba su san kamanninta ba. Amma sanƙarau yana nan, yakan yi shekaru yana kwance, sa'an nan ya tashi kamar gobarar daji. Mu malaman makaranta na wannan yanki, tun daga Ɗan Isa da Ƙauran Namoda har zuwa Shinkafi da Zurmi, tashinsa na 2017 da idonmu muka gani. Abin da ya koya mana shi muke so mu gaya muku, ya ku 'yan makaranta: annoba da lissafi ake kama ta, lissafin kuwa daga ƙauye yake farawa.

Bari mu fara da ita cutar kanta. Wata ƙwaya ce ke kawo ta, ƙanƙanuwa ƙwarai, ba ta ganuwa sai da madubin likita. Mazauninta maƙogwaro ne da can cikin hanci, kuma abin mamaki, wajen mutum ɗaya cikin goma yana iya ɗauke da ita alhali yana cikin ƙoshin lafiya, yana ta harkarsa. Da tari da atishawa take ƙetarawa daga wannan zuwa wancan, balle inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya ba taga. In hunturu ya zo da ƙura da busasshiyar iska, sai fatar cikin hanci ta tsattsage, ƙwayar ta sami ƙofa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan ta bi jini, ta isa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Tsakanin kwana 2 zuwa 10 sai zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske. Jariri kuwa maɗigarsa ce kan kumbura, ya ƙi mama. Tana iya kashewa cikin yini guda. In ba a yi magani ba, rabin waɗanda suka kamu kan mutu, cikin waɗanda suka tashi kuwa, wajen ɗaya cikin biyar yakan tashi da kurumta ko wata naƙasa.

Baƙo ne mai daɗaɗɗen zuwa. A 1905 likitoci suka rubuta labarin babbar annobarsa ta farko a Nijeriya ta Arewa. A 1921 ya sāke tashi, aka kiyasta ya kashe fiye da mutum 45,000 a Lardin Sakkwato kaɗai, ƙasar Zamfara kuwa tana cikin lardin nan a zamanin. Lokacin babu wani magani, sai dai a ware majiyyaci a bukka bayan gari, a hana taro. A 1938 aka samo ƙwayar maganin nan da ake kira M&B 693, ta rage mace-mace ƙwarai. A 1963 wani likita Bafaranshe mai suna Lapeyssonnie ya tattara lissafin ƙasashe da yawa, ya nuna cewa cutar tana da wata ɗamara da ta ratsa Afirka a gindin Sahara, wadda yanzu ake auna ta tun daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiyarta. A 1996, shekarar da aka kafa Jihar Zamfara, Nijeriya ta ga mafi munin tashinsa, fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Ku lura, duk wannan da muka sani, mun san shi ne domin wani ya zauna da alƙalami ya ƙidaya.

Ita ƙwayar nan dangi gare ta, likitoci sun raɗa musu suna da haruffa, akwai A, da B, da C, da W, da X, da Y. Allurar rigakafin wani dangi ba ta kāre mutum daga wani. Dangin A shi ne ya yi ta'adin 1996 da mafi yawan na gabaninsa. A 2010 aka fito da wata allura mai suna MenAfriVac dominsa, aka fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso Nijeriya a 2011, aka yi wa miliyoyin yara da samari. Dangin A ya kusa ɓacewa, jama'a suka ɗauka an gama da sanƙarau. Ashe ƙanensa na laɓe. A 2013 wani sabon irin dangin C ya ɓulla a Jihar Sakkwato, a 2014 ya bayyana a Kabi, a 2015 ya kwantar da fiye da mutum 8,000 a ƙasar Nijar, har cikin birnin Yamai. Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsakaninmu da waɗannan wurare babu katanga, kasuwa ɗaya muke ci, fatake da masu dabbobi suna kai da kawowa ta Shinkafi da Zurmi kullum.

To, a watan Disamba na 2016 mutum 21 suka kwanta a wani ƙauye na ƙasar Zurmi. Labarin ya kai hukumar lafiya ta jiha a cikin watan, amma Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya da ke Abuja ba ta sami sanarwa ba sai ran 16 ga Fabrairu, 2017. Wata biyu ke nan cuta na tafiya, takarda na zaune. Kafin a buɗe ofishin gaggawa na ƙasa a farkon Afrilu, a kuma fara allurar dangin C a Zamfara, bazara ta yi tsakiya, cutar ta riga ta watsu a Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja. Da aka rufe littafi a tsakiyar Yuni, an sami mutum 14,518 da ake zaton sun kamu, 1,166 sun rasu. Kusan rabin majiyyatan duk 'yan Zamfara ne, kuma kusan rabin dukan waɗanda suka kamu yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14, watau tsararrakinku. An yi wa mutum wajen miliyan 2 allura, damina ta sauka, aka yi shelar ƙarewar annobar ran 23 ga Yuni.

Yanzu bari mu nuna muku yadda ake bin sawun annoba, domin ku ga inda wata biyun nan suka yi ɓarna. Abin kamar tsani yake. Malamin asibitin ƙauye yana rubuta kowane majiyyaci, da shekarunsa, da unguwarsu, da ranar da ciwo ya fara. Kowane mako ya aika wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko da bai ga kowa ba sai ya rubuta sifiri ya aika, gama shiru ba ya nuna ko lafiya ce ko mantuwa. Shi kuma jami'in ya aika Gusau, Gusau ta aika Abuja, Abuja ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar nan ta sa ma'auni biyu. In an sami mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, gargaɗi ke nan, a fara bincike da shiri. In sun kai 10, annoba ta tabbata, a nemi allura. Ga lissafi, ku gwada a allo: gundumar da ke da mutum 50,000, majiyyata nawa za a samu a mako ɗaya ta kai ma'auni na biyu? Biyar kacal. Watau in gida biyu suka ɓoye yaransu, biyar ta koma uku, sai gunduma guda ta rasa allura a kan kari.

Bayan ƙidaya akwai gwaji. Likita yakan ɗebi ɗan ruwa daga gadon bayan majiyyaci, a duba a ga ko wane dangi ne. Akwai rumbun allura na duniya da aka kafa a 1997, bayan wahalar 1996, masu riƙe da shi kuwa ba su buɗe shi sai an nuna musu lissafi da shaidar gwaji, domin allurar kaɗan ce, ƙasashe da yawa ke jiranta, kuma ba shi da amfani a aika ta A inda C ke kisa. A annobar 2017, ko ɗaya cikin goma na majiyyata ba a gwada ruwan bayansu ba. Kayan aiki sun yi ƙaranci, hanya ta yi nisa, kuma mun sha jin iyaye suna cewa ɗiban ruwan nan shi ke kashe yaro. Gaskiyar magana ita ce, yaron da aka kai a makare cutar ta riga ta ci ƙarfinsa, sai allurar likita ta ɗauki laifin da ba nata ba.

Mu a makaranta muna da namu littafin, shi ne na kiran suna. Kowace safiya mukan kira, yaro ya amsa, mu ja alama. A bazarar nan muka gane cewa littafin nan ya fi kowane littafi a gari saurin jin labari. Ran Litinin a kira suna a ji shiru, ran Talata a ji shiru biyu, a duba a ga duk 'yan unguwa ɗaya ne. In ka tambayi na kusa da su, sai ya ce, "Malam, wuyansa ne ya ƙage, an kai shi wajen wanzami." Malamin asibiti bai san da shi ba tukuna, gama sai wanda aka kawo masa yake rubutawa. Sai muka riƙa aika masa da 'yar takarda duk ranar da muka ga haka, shi kuma ya hau babur ya bi gidajen. Akwai waɗanda allurar magani ta kwana biyar ta tashe su sarai. Akwai wanda bai sāke amsa kira ba har abada, muka ja layi a kan sunansa. Akwai kuma wani yaro mai kaifin lissafi da ya komo bayan damina, muka kira sunansa sau uku yana kallon allo, sai da maƙwabcinsa ya taɓa shi. Tun daga ran nan a layin gaba yake zama, yana karanta leɓen malami.

Ba mu ɗora wa iyaye laifi ba. Asibiti na da nisa, kuɗin mota babu, farkon ciwon kuma yana kama da zazzaɓin cizon sauro, wanda kowa ya saba jinyarsa a gida. Ga shi kuma 'yan bindiga sun sa hanyoyin Zurmi da Shinkafi sun zama abin tsoro, har ma'aikacin lafiya ba ya iya shiga kowane ƙauye. Amma wannan shi ya ƙara wa maganar ɗan gari daraja. Inda jami'i ba ya iya zuwa, saƙon waya yana zuwa, in akwai wanda ya san abin da zai faɗa.

Wani zai ce annoba hukuncin Allah ce, ƙidaya ba ta tsawaita kwanan kowa. Lalle rai da ajali suna hannun Mai Sama, ba mai musun wannan. Amma Halifa Umar, da ya ji annoba ta sauka a ƙasar Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu gardama cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Annabi Yusufu kuwa, wanda ɗan makarantar gwamnati da na mishan duk sun san labarinsa, da aka sanar da shi yunwa na tafe, shekaru ya ƙidaya, ya auna hatsi, ya cika rumbuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kāre mutum daga dangi biyar gaba ɗaya, A da C da W da X da Y. Ƙasashen duniya kuma sun ɗaura niyyar kawar da annobar sanƙarau kafin ƙarshen 2030. Abin farin ciki ne. Sai dai allura, kome kyaunta, ba ta san hanyar Ɗan Isa ba, lissafi take bi.

Saboda haka ga abin da muke roƙonku. Daga shigowar hunturu har saukar ruwan fari, in abokin zamanka bai zo ba, ka tambayi dalili. In ka ji zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kada ka jira gobe, ka gaya wa malaminku ko mai unguwa a ranar, ka rubuta sunan unguwar da ranar da ciwon ya fara. Ka lallashi mutanen gidanku, da ladabi, su kai majiyyaci asibiti, su kuma yarda likita ya yi gwajinsa. Ku buɗe taga da dare, ku rage cunkoso a ɗakin kwana gwargwadon hali. In masu allura sun zo, ka riƙo hannun ƙannenka ku tafi tare, ka karanta wa mahaifiyarka abin da aka rubuta a katin. Kai da aka koya wa karatu da rubutu da lissafi, bashin gari ne a wuyanka, ga kuwa hanya mai sauƙi ta fara biya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba masu naƙasa haƙuri, ya tsare ƙasarmu daga annoba, amin.