Daga Nima Zuwa Bakin Teku a Ƙafa

Wanda duk ya saba shiga tro-tro bai san Ankara ba, bayan kan direba kawai ya sani. Ankara dai, ga yaran yanzu, ita ce Accra a bakin kakanninmu. Ni al'adata ce ranar Asabar, da an sallame asuba, in sha koko da ƙosai, in kama hanya a ƙafa daga Maamobi har bakin teku. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a garin nan inuwa ma tana da tarihi.

A cikin Nima sai ka wuce lungu goma ba ka ga itace ɗaya ba. Inuwarmu ta kwanon rufi ce da lemar masu sayar da waakye. Akwai dalili. Lokacin da Malam Amadu Futa ya samu filin nan daga hannun mutanen Ga a shekarun 1930, wurin makiyaya ne a bayan gari. Shekaru da yawa unguwar tana wajen iyakar hukumar birni, ba wanda ya auna titi balle ya ware filin shan iska. Baƙi suna ta sauka daga Arewa, daga Nijar, Mali da Burkina, kowa da ɗan'uwansa. To mai gida zai bar mangwaro a tsakar gida ne, ko zai sare shi ya ƙara ɗaki don baƙo? Ɗakin aka ƙara, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai ka iso Kawukudi kafin ƙirjinka ya buɗe. Ga filin ƙwallon yara, ga babban Masallacin Ƙasa na Kanda da Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe a 2021. Harabarsa na cikin 'yan wuraren da mutumin Nima zai tsaya ya ga sararin sama sosai.

Da ka tsallake Ring Road ka shiga Ridge, sai ka ce wata ƙasa ce. Manyan itatuwa sun rufe hanya, har kukan tsuntsu kana ji. Nan Turawan mulki suka gina wa ma'aikatansu gidaje bayan sun dawo da hedkwata daga Cape Coast a 1877, nesa da talakawa, wai gudun cuta. Bature ya tafi, amma rabon inuwar da ya yi yana nan daram, sai dai yanzu dogayen benaye suna cinye itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Gaba kaɗan akwai filin wasan yara na Efua Sutherland, daura da gidan wasan kwaikwayo na ƙasa. Fili ne mai faɗi, amma yaranmu nawa suka taɓa sa ƙafa a ciki?

Daga nan ina gangarawa Tudu da Makola, in ratsa Zongo Lane. Nan ne tsohon mazaunin Hausawa, tun kafin Malam Bako ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zongo a farkon shekarun 1910. Yau shaguna ne kawai, ba ko allo guda da zai gaya wa mai wucewa haka. Sunan ne ya rage.

A High Street akwai lambun tunawa da Kwame Nkrumah, inda ya yi shelar 'yancin kai a Maris 1957. An gyara shi a 2023, ciyawa shar, ruwa na tashi, amma sai ka biya kafin ka shiga. Na kan leƙa ta shinge in wuce Ussher Fort da James Fort, har gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta James Town. Mutanen Ga na nan ma a cunkushe suke kamar mu, iskar teku ce kawai ta fi ƙarfin talauci.

Shi ya sa a 2022, da gwamnati ta cire wani yanki na dajin Achimota daga kariya, hankalina ya tashi, ko da yake dajin ba a unguwarmu yake ba. Na yi wa wani dattijo zancen a ƙofar masallaci, sai ya ce, "Ɗana, ka fara da darbejiyar nan da ke gabanka. Limamin ma so yake a sare ta a ƙara sahu."