Mai Rabon Ƙwallo Da Haƙƙin Guminta

A cikin 'yan wasan tamaula goma sha ɗaya, ni dai babu wanda ya fi kwanta mini a rai kamar na tsakiyar fili. Mai jefa ƙwallo a raga shi ake yi wa tafi, mai tsaron gida shi ake zargi in an sha kashi, amma na tsakiya shi ne uwar tuwo: ya tuƙa, ya kwashe, ya raba, sa'an nan a manta da shi. Wannan ne ya sa labarin wata 'yar ƙasar Italiya, Manuela Giugliano, ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya.

An haife ta a garin Castelfranco Veneto cikin 1997. Tun tana 'yar shekara 17 ta shiga ƙungiyar ƙasarta. To, amma dubi irin yawon da ta sha. Daga Pordenone ta tafi Torres a tsibirin Sardiniya, ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa har sau 7. Cikin 2015 rashin kuɗi ya fitar da ƙungiyar daga gasa. Ta ratsa Mozzanica da Verona, ta sauka a Brescia. Cikin 2018 Brescia ta sayar wa Milan gurbinta. Sai a 2019 ta sami wurin zama a Roma, inda suka ci kofin ƙasa a 2023 da 2024.

Mai karatu zai ce, ina dalilin wannan tashi-faɗi? Dalilin yana cikin doka. Har zuwa ranar 1 ga Yuli 2022, hukuma ba ta lissafa matan Italiya masu buga ƙwallo cikin ma'aikata ba. Masu sha'awa kurum ake kiransu. Wato babu cikakken albashi, babu fansho. Wadda ta karye a fili, ta karya wa kanta. Da yawa sukan yi wani aiki da rana, su je motsa jiki da dare. Waɗansu kuma sukan koma wasan futsal, na mutum biyar-biyar, wanda aka ƙago a Montevideo cikin 1930, ana yinsa a ɗaki, a filin da bai wuce mita 42 ba a tsawo. Can ɗin wuri ƙunci ne, ba a sakin ƙwallo da ka. Irin makarantar da ke gyara ƙafar ɗan tsakiya ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a cikin wannan hali ne Giugliano da 'yan'uwanta suka je gasar duniya a Faransa cikin 1919 da ɗari, wato 2019, bayan shekara 20 rabon Italiya da zuwa. Suka doke Ostireliya da Jamaika da Sin, ba a fitar da su ba sai a hannun Holan, suna cikin ƙasashe 8 na ƙarshe. Ƙasa ta yi murna, aka buga hotunansu a jaridu, alhali kuwa a takarda ba su da sana'a. Ashe ana iya yabon mutum da baki, a kuma danne masa haƙƙi da alƙalami.

Na san akwai masu ganin ƙwallo ba ta dace da mace ba, kuma ban zo yin gardama da kowa a kan yadda zai tarbiyyantar da 'yarsa ba. Magana ɗaya nake yi: duk wanda aka sa aiki, aka sayar da tikiti da sunansa, aka ɗaga tutar ƙasa da ƙafarsa, to, ma'aikaci ne, a biya shi. Wannan bai bambanta tsakanin filin wasa da masaƙa ba.

Cikin 2024 Giugliano ta zama mace ta farko daga Italiya da aka sa cikin masu takarar Ballon d'Or, a 2025 kuwa suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai, Ingila ta fitar da su da ƙyar. Sai dai ina tuna ɗaruruwan da suka buga kafin ta, suka tsufa ba su ga ko sisin fansho ba. Su suka share gonar, wasu suka ci amfanin. Allah Ya ba mu shugabannin da ba sa jiran a yi shekaru kafin su ba mai haƙƙi haƙƙinsa.