Gyaran da Ba Ya Cim ma Labari

Waɗanda suka yi zaman Sabha ta Libiya kafin 2011 za su tuna yadda labarin rasuwa ke isa gida. Direba ya taso ta Gatrun da Dirku, ya sauka Agadas da kaset a aljihu, daga nan hannu zuwa hannu har zauren su mamaci, a taru a kunna, a ji muryar maigidan 'yan ci-rani yana faɗin sunansa da na mahaifinsa, da ciwon da ya yi ajalinsa, da waɗanda suka sallace shi, da wanda aka damƙa wa 'yan kuɗinsa. In an yi kuskure kaset na biyu na nan tafe, domin mai maganar ya san watarana zai haɗa ido da dangi. Kada yara su ɗauka zamanin gaskiya ne zalla: jaridun Gaddafi irin su Al-Fajr al-Jadid abin da fada ke so suke bugawa, mu ma ba mu taɓa neman mamatanmu a cikinsu ba.

Yanzu lamba ake aiko mana a waya.

A Maris 2012, da ƙabilun Tubawa da Aulad Sulaiman suka gwabza a cikin Sabha, adadin mamata ya yi ta hawa kullum har ministar lafiya ta tsayar da shi: mutum 147 sun mutu, 395 sun jikkata. Nawa ne mayaƙa a ciki, nawa ne leburorin da harsashi ya tarar a bakin shago? Lamba ba ta faɗa.

Labarin Murzuk, kudu da Sabha, ya fi tsaya mini a rai. Ranar 4 ga Agusta 2019 aka yi luguden wuta ta sama, mutum fiye da 40 suka mutu. Rahotannin farko suka ce taron biki ne, labari ya zaga duniya. Daga baya jami'an garin suka ce taron manyan gari ne a wani ginin gwamnati. Dakarun Haftar kuwa, waɗanda suka yi luguden, suka dage 'yan tawayen Chadi suka kai wa hari. Kafafen labarai da suka gyara sun gyara a tsakiyar sabon rahoto, inda mai sauri ba ya kaiwa. Wanda ya tura na farko a Facebook bai dawo ya goge ba.

Wani tela da muka yi zaman unguwar Gurda ta Sabha tare, yanzu yana Maraɗi, har yau harin biki yake ce masa.