Ciyawar da ke cin ƙuda a tagar ɗakina

Jama'a, yau ba zancen kuɗin makaranta zan yi ba. Zancen ciyawa ne, ku yi haƙuri ku karanta.

Wata huɗu da suka wuce na kusa tattara kayana in bar Ibadan. Babi na uku na binciken digirina na biyu ya dawo sau uku da jan biro, kuɗin haya ya ƙarato, ga kewar gida. A wannan halin ne wani abokin karatu da ke sashen tsirrai ya miƙo min 'yar takarda a naɗe, ya ce irin Drosera capensis ne, tsiron da ke cin ƙwari, asalinsa daga Afirka ta Kudu. Na buɗe, sai na ga kamar garin barkono baƙi. Wallahi da na yi atishawa da shi ke nan.

Ni ɗan manomi ne, don haka na yi abin da na sani: na samo ƙasa mai kyau, na zuba taki, na binne irin, na riƙa ba shi ruwan burtsatse. Wata guda, ko ƙyalli. Da na koma wurin mutumin sai ya yi dariya ya ce, "Malam, alheri ne ya kashe su." Ashe tsiron nan a fadama mai tsami yake rayuwa, inda ƙasa ba ta da abinci. Shi ya sa ya koma farautar ƙwari don ya samu naitirojin. Taki da gishirin da ke cikin ruwan burtsatse ƙona shi suke yi.

Ya ƙara min sauran irin, na sake daga farko. Na jiƙa busasshiyar gansakuka da ake kira sphagnum, na haɗa da yashin da na wanke sau da yawa, na zuba a robar yogot mai huji. Na barbaɗa irin a sama kawai, ban rufe da ƙasa ba, domin yana son haske. Na ɗora robar a faranti mai ruwan sama, na lulluɓe da farar leda, na ajiye a taga inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Ruwan sama kam, Ibadan ba ta rowarsa.

Sati uku ban ga komai ba. Abokin ɗakina, Bayarabe, kullum sai ya leƙa ya ce, "Aboki, yaya gonarka?" Ranar da kore ya fito, ƙanana kamar kan allura, shi ya fara gani, ya tashe ni da ihu bayan asuba. Yanzu ganyen ya fitar da jan gashi mai ɗigo kamar raɓa. Ba raɓa ba ce, danƙo ne. Ƙaramin ƙwaro ya sauka ya maƙale, ganyen ya naɗe shi a hankali ya narkar da shi. Charles Darwin ma sai da ya rubuta littafi guda a kan irin waɗannan tsirrai a 1875.

Da na ba Inna labari a waya, tambaya ɗaya ta yi: "Ana miya da ita?" Na ce a'a. Ta ce, "To Allah ya shirye ka."

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, na kashe irin farko ne saboda na ƙi tambaya. Haka nake yi da babi na uku: ina gyara yadda na saba, ina jin kunyar in ce ban gane ba, kar a ce ɗan Arewa bai iya ba. Satin da ya wuce na shiga ofishin malamina na zauna na ce ya nuna min. Minti arba'in, ya warware abin da ya cinye min wata uku.

Cikin tsiro goma sha ɗaya, bakwai ne suka rage, zafin rana ya ci huɗu. Duk wanda ke Ibadan yake so, ya zo da robarsa. Amma don Allah, ban da taki.